Kafin A Sayi Kan Amfilifayar Jitar Bes

Duk wanda ya halarci sujadar waƙoƙin Kirsimati ta bara a ɗakin taron makarantarmu zai tuna abin da ya faru. Ɗaki ya cika maƙil, iyaye sun zo daga Samaru, Sabon Gari, Palladan da Wusasa, har da waɗansu daga bariki. Ana tsakiyar waƙa ta huɗu sai aka ji ƙara kamar an keta sabon yadi, sa'an nan warin ƙonanniyar waya ya taso daga kusurwar da mai jitar bes yake tsaye. Daga nan har aka yi addu'ar rufewa ba a ƙara jin bes ba. Ɗan'uwanmu ya ci gaba da motsa yatsunsa don kunya, amma kowa ya san ba abin da yake fita.

Ba za mu ɓoye ba, laifin namu ne, mu 'yan ƙungiyar kaɗe-kaɗe. Ba aikin Shaiɗan ba ne, ba kuma laifin masu ba da wuta ba ne. Mun aro akwatin lasifika na biyu don mu burge baƙi, muka jona shi ba tare da mun karanta abin da aka rubuta a bayan amfilifayar ba. Da mai gyara ya buɗe ta, girgiza kai kawai ya yi.

Tsofaffin ɗalibai da ƙungiyar iyaye da malamai sun yarda su tara kuɗin wata, amma da sharaɗi, wato mu bayyana musu abin da za a saya da dalilin sayensa. Wannan rubutu biyan wannan bashi ne. Akwai kuma dalili na biyu. 'Yan aji shida da za su fita bana, da yawansu za su koma ikkilisiyoyinsu a Giwa, Ikara, Maƙarfi, Zonkwa ko Kafanchan, kuma mun san abin da zai biyo baya. Da zarar dattawa sun ji yaro ya taɓa riƙe jita a makaranta, shi za a danƙa wa kuɗin baiko a ce ya je ya sayo kaya. Kuɗin nan kuwa na gwauraye ne da manoma da masu sayar da ƙosai. Bai kamata a ƙone shi cikin dare ɗaya ba.

MENE NE KAI?

Jitar bes ba ta da murya ta kanta. In ka kaɗa ta ba wuta, wanda yake kusa da kai ma da ƙyar zai ji. A ƙarƙashin tsirkiyoyinta akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar waya. Sa'ad da tsirkiyar ƙarfe ta motsa, sai ta haifar da 'yar ƙaramar wuta wadda da ƙyar take kai bolt ɗaya. Aikin amfilifaya shi ne ta karɓi wannan 'yar wuta, ta gyara ta, ta ƙara mata ƙarfi har ta iya tura faifan lasifika gaba da baya. Faifan ya tura iska, iska ta kawo wa kunne.

Amfilifayar bes iri biyu ce a kasuwa. Akwai wadda aka haɗa da lasifikarta cikin akwati guda, 'yan kasuwa suna ce mata kombo. Akwai kuma wadda aka raba biyu: akwatin lasifika a ƙasa, na'urar wutar a bisansa. Wannan ta bisan ita ake kira kai, gama a kan akwatin take zama kamar tulu a kan gammo. Amfanin rabawar a fili yake. Yaro ɗaya zai ɗauki kai, biyu su ɗauki akwati. In ɗaya ya lalace ba sai an jefar da duka ba. In kuɗi ya samu daga baya sai a ƙara akwati. Amma rabawar ce kuma take buɗe ƙofar kuskure irin namu, domin haɗa kai da akwatin da ya dace ya zama aikinka, ba na kamfani ba.

Abin ba tsoho ba ne sosai. A shekarar 1951 ne Leo Fender na ƙasar Amurka ya fitar da jitar da ya sa wa suna Precision Bass, don ta maye gurbin ƙaton gogen nan na Turawa da ake kaɗawa a tsaye. A 1952 ya yi mata amfilifaya mai suna Bassman. Abin dariya, masu ƙaramar jita ne suka fi ƙaunar Bassman, har Jim Marshall na Ingila ya kwaikwayi tsarinta ya ƙera tasa ta farko a 1962. Masu bes kuwa suka ci gaba da kukan ba a jinsu, sai a 1969 kamfanin Ampeg ya fito da kai mai suna SVT, mai wat 300, wanda ƙungiyar Rolling Stones ta zaga Amurka da shi a wannan shekara. A nan gida ma Zariya ba baƙuwar irin wannan kiɗa ba ce. Bongos Ikwue ya kafa ƙungiyar makaɗa tun yana ɗalibi a Jami'ar Ahmadu Bello. Marigayi Bala Miller, ɗan wani limamin Kirista na Zariya, ya shahara da babbar ƙungiyarsa a talabijin cikin shekarun 1980. Daga baya waƙoƙin Panam Percy Paul na Jos suka sa matasan ikkilisiyoyin Arewa da yawa suka fara roƙon dattawa a saya musu jita da ganguna.

ME YA SA BES YAKE DA CI?

Ku dubi iyayenmu na Zumuntar Mata. Akwai mai kacau-kacau, akwai mai ƙaramin tulu, akwai kuma mai babban tulu wadda take dukan bakinsa da soso. Kacau-kacau ɗan abu ne, amma ana jinsa har bakin titi. Babban tulun kuwa sai an sa ƙarfi, sai kuma tulun ya zama babba, kafin amonsa ya cika majami'a. Haka tambarin fada yake in an gwada shi da kalangu. Murya mai kauri tana bukatar a motsa iska mai yawa.

Ga lissafin. Tsirkiya mafi kauri a jitar bes mai tsirkiya huɗu, wato E, tana karkarwa sau 41 cikin sakan ɗaya. Ta A sau 55, ta D sau 73, ta G sau 98. In jitar mai tsirkiya biyar ce, ta biyar ɗin, wato B, sau 31 kawai take yi. Mafi kaurin tsirkiyar ƙaramar jita kuwa sau 82 take yi, ninki biyu na E ɗinmu. Kunnen ɗan adam kuma ba ya kama waɗannan muryoyi na ƙasa da sauƙi. Masu bincike biyu, Fletcher da Munson, sun auna wannan a Amurka tun 1933, suka nuna cewa sai murya mai kauri ta fi ta tsakiya ƙarfi nesa kafin kunne ya ji su daidai. Saboda haka mai ƙaramar jita zai cika ɗaki da wat 30, mai bes kuwa yana bukatar ninkin wannan sau da yawa kafin ya tsaya kusa da mai ganga.

Wannan ne kuma dalilin da ba a jona bes a amfilifayar ƙaramar jita a buɗe ta. Lasifikarta ba a yi ta don doguwar tafiya gaba da baya ba. Za ta yi ƙoƙari na ɗan lokaci, sa'an nan faifan ya yage ko koyil ya ƙone.

WAT NA GASKIYA DA WAT NA KWALI

Tambayar farko da kowa yake yi ita ce, wat nawa ne? Tambaya ce mai kyau, amma a nan ne aka fi cutar masu saye. Ku lura da haruffan da suke bin lambar. In an rubuta RMS, ana nufin ƙarfin da kan zai iya bayarwa ya daɗe yana bayarwa. In an rubuta PMPO, kada ku kula da lambar ko kaɗan. Ita ce irin wadda ake mannawa a jikin rediyon ɗaki a ce wat 3,000, alhali batir shida ne suke tashinsa. Babu wata ƙa'ida da kamfanoni suka yarda da ita wajen auna PMPO, kowa abin da ya ga dama yake rubutawa. Wata dabara ita ce a juya bayan kan a duba wutar da yake ci daga soket. Na'ura ba ta iya ba da abin da ba ta ci ba. In gaba ya ce wat 2,000, baya kuwa ya ce wat 60 yake ci, to gaban ƙarya yake yi.

Abu na biyu ya ba mu mamaki sa'ad da malaminmu na kimiyya ya zana mana shi a allo. Ninka wat ba ya ninka ƙara. In ka tashi daga wat 100 zuwa 200, desibel 3 kawai ka ƙara, wato ɗan ƙarin da kunne zai lura da shi amma ba zai firgita ba. Kafin mutum ya ce ƙarar ta ninka, sai an ƙara kamar desibel 10, wato wat ya ninka sau goma. Saboda haka bambancin kai mai wat 300 da mai wat 350 ba abin da za a yi jayayya a kai ba ne a taron kwamiti. Sau da yawa ƙara akwatin lasifika na biyu irin na farko ya fi ninka wat amfani, domin faifan da yake tura iska ya ƙaru.

To me ya sa ake son wat da yawa? Don a sami sarari. Motar da take iya gudun kilomita 160 tana tafiyar 80 cikin natsuwa, wadda kuwa iyakarta 80 ne tana yi tana kakari. Kan da aka matsa wa har iyakarsa yakan fara datse muryar, sai a ji ta tana ɓarɓarwa, wannan datsattsiyar wuta kuwa tana dafa koyil ɗin lasifika. A namu ganin, ƙaramar majami'a wadda ba a kaɗa gangunan Turawa a cikinta za ta wadatu da wat 100 zuwa 150. Inda akwai mai ganga mai ƙarfin hannu, kamar namu, kada a yi ƙasa da wat 300. Taron fili kuwa, irin na Sabon Rai ko babban taron mata, ba aikin kan bes kaɗai ba ne, sai an bi ta manyan lasifikokin taro.

OM, INDA MUKA FĀƊI

A bayan kowane akwatin lasifika akwai lamba da wata alama mai kama da kofaton doki. Ana kiranta om. Yawancin akwatunan bes om 8 ne ko om 4. A bayan kowane kai kuma, kusa da ramin da ake jona lasifika, an rubuta mafi ƙarancin om da zai iya ɗauka. Yawanci om 4 ne, kaɗan ne suke sauka zuwa om 2.

Om ma'auni ne na yadda lasifika take tare wa wuta hanya. Babbar lamba, ƙunƙuntar hanya. Ƙaramar lamba, hanya a buɗe. Ku tuna da ɗakin cin abincinmu sa'ad da aka buga ƙararrawa. In ƙofa ɗaya ce a buɗe, ɗalibai suna shiga a hankali, masu rabo suna iya wa layi. In aka buɗe ƙofa ta biyu, sai mutane su kwararo ninki biyu, masu rabo su rikice. Haka yake ga kai. Kowane akwati da ka ƙara, ƙofa ka buɗe, wutar da ake ja daga kan ta ƙaru, lambar om kuwa ta ragu. Wannan ne wurin da hankalin mutum yake ruɗinsa, gama yana tsammani 4 da 4 takwas ne. A irin jonin da ramukan bayan kai suke yi, ba haka ba ne. Akwati biyu masu om 8 suna zama om 4. Biyu masu om 4 suna zama om 2. Mai om 8 da mai om 4 suna zama kamar om 2.7. Hanyar lissafin akwati biyu ita ce ka ninka lambobin da juna, ka raba da jimlarsu. 'Yan aji huɗu sun riga sun san wannan daga darasin lantarki, mu ne dai ba mu taɓa tunanin darasin zai biyo mu har cikin sujada ba.

Akwatinmu om 4 ne. Wanda muka aro shi ma om 4 ne. Kanmu kuwa an rubuta masa ƙarara kada a sauka ƙasa da om 4. Muka ɗora masa om 2, cikin ɗaki cike da mutane, muka kuma jingina bayansa da bango inda iska ba ta shiga. Ya yi waƙa uku da rabi. Sababbin kawuna da yawa suna kashe kansu in zafi ya yi yawa, namu tsoho ne, ya yi ta ja har tiransistocinsa suka ƙone.

Akwai wani gefe na wannan magana da ya shafi aljihu. Wat ɗin da aka rubuta da manyan haruffa yawanci a om 4 aka auna shi. Misali, kan nan na kamfanin Markbass na Italiya mai suna Little Mark III yana ba da wat 500 a om 4, amma wat 300 ne a om 8. Wanda ya saye shi da akwati ɗaya mai om 8 bai yi asara ba, gama ya bar wa kansa wurin ƙara na biyu daga baya. Wanda ya fara da akwati mai om 4 ya sami dukan ƙarfin tun yau, amma ya rufe ƙofar ƙari. Mu dai da za a sake tambayarmu, mai om 8 za mu fara da shi. A kuma duba wat ɗin da akwatin kansa zai iya ɗauka, kada ya yi nisa ƙasa da na kan.

Wayar da take tsakanin kai da akwati ma ba kowace ba ce. Wayar jita da wayar lasifika suna iya zama da baki iri ɗaya, amma cikinsu daban. Ta jita siririya ce, an yi ta don 'yar ƙaramar wuta. In aka bi da wutar lasifika ta cikinta sai ta yi zafi, ta narke, ta haɗe, ta tafi da kan. In kan da akwatin suna da ramin nan da ake murɗawa ya kulle, wanda ake kira Speakon, a yi amfani da shi, domin ba ya zarewa in yaro ya yi tuntuɓe da waya.

BAWUL, TIRANSISTO, KO SABON YAYI?

Kawuna iri uku ne in an dubi cikinsu. Na farko mai bawul ne, wato kwalaben nan masu haske irin na rediyon kakanninmu. Makaɗa suna yabon zaƙin muryarsa, ba kuwa ƙarya suke yi ba. Amma SVT da muka ambata nauyinsa ya kusa kilo 40, manyan bawul shida ne suke ba shi ƙarfi, suna tsufa, sai an sayo su daga ƙetare, gama a Rasha da Sulobakiya da Sin ake ƙera yawancinsu. In kuma aka kunna shi aka kaɗa ba a jona lasifika ba, tiransifomarsa tana iya ƙonewa. Ba kayan makaranta ba ne, ba kuma kayan da za a ɗora a bayan a-kori-kura zuwa wa'azin ƙauye ba ne.

Na biyu mai tiransisto ne da babbar tiransifoma, irin tsofaffin Peavey da Hartke da Trace Elliot da suka cika majami'un ƙasar nan. Suna da nauyi, suna yin zafi, amma suna da jimiri, kuma mai gyaran rediyo na kirki a Sabon Gari zai iya buɗewa ya gane abin da yake gani, ya canja abin da ya mutu.

Na uku shi ne sabon yayi da ake rubuta wa Class D. Ba shi da babbar tiransifoma, yana mai da kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da ya ci ta zama aiki, don haka ba ya zafi sosai, ba ya kuma wahalar da janareta. Little Mark ɗin nan mai wat 500 bai kai kilo 3 ba, ana sa shi a jakar makaranta. Aibinsa biyu ne a wurinmu. In ya lalace, sau da yawa sai dai a canja allon cikinsa gaba ɗaya, allon kuwa ba a kan teburin kowane mai gyara yake ba. Na biyun kuma, abin da yake shiga jakar makaranta yana iya fita ƙofar makaranta.

WUTARMU DA ƘURARMU

Littattafan da kamfanoni suke sakawa cikin kwali ba su san Basawa ba, saboda haka wannan sashe namu ne. Wutar Nijeriya bolt 230 ce, ta Amurka 120. Kayan gwanjo da yawa daga Amurka suke zuwa. Kafin a soka filogi a duba abin da aka rubuta kusa da inda wayar wuta take shiga. Waɗansu suna da ɗan makunni na zaɓa tsakanin 115 da 230, waɗansu sababbi suna karɓar kowace, waɗansu kuwa 120 ce kawai, sai da tiransifomar rage wuta. Wanda ya soka na 120 kai tsaye a soket ɗinmu, ƙara ɗaya zai ji. Mu shawararmu a guje wa irin wannan gaba ɗaya, gama wata rana wani zai manta da tiransifomar.

Wutar da har yanzu muke ce wa ta NEPA, ko da yake tun 2013 rarraba ta ya koma hannun kamfanoni, takan yi sama ta yi ƙasa, ta janareta ma haka. A sa kuɗin sitabilaiza cikin lissafi tun farko, mai ƙarfin da ya ninka abin da kan yake ci. Kada a bar kai a kunne sa'ad da ake tayar da janareta ko ake sauya layi. Shi ne na ƙarshen kunnawa, shi ne na farkon kashewa. Da damina, in hadari ya taso da walƙiya, a zare filogi.

Maganar da ta fi dukan waɗannan nauyi ita ce ta ƙafa ta uku a jikin filogi, wato wayar ƙasa. Mun sha ganin an karya ta don filogi ya shiga soket mai rami biyu, ko an soka tsirarun wayoyi da tsinken ashana. Tsirkiyoyin jitar bes a haɗe suke da jikin amfilifaya ta cikin wayar jita. In wuta ta ɓalle a cikin kan, babu kuwa wayar ƙasa da za ta kwashe ta, jikin mai kaɗawa ne hanyarta, musamman in ya taɓa makirfo ko yana tsaye ba takalmi a kan siminti mai laima. A 1972 wani makaɗin jita mai suna Leslie Harvey ya mutu a gaban 'yan kallo a garin Swansea na Birtaniya, sa'ad da ya taɓa makirfon da ba a haɗa shi da ƙasa daidai ba. In kun ji tsirkiya tana ɗan cizon yatsa, ko makirfo yana cizon leɓe, ku tsaya nan take a kira mai aikin wuta.

Sai ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu yana cusa ta ko'ina, fankar kai kuwa zuƙo ta take yi. Ƙura ta toshe hanyar iska, sa'an nan zafin Maris da Afrilu ya zo ya same shi a toshe. A ɗinka masa riga, a riƙa hure shi, a bar tazarar taƙi guda tsakaninsa da bango. Lokacin dogon hutu kuma a rufe shi cikin kabad, domin mun taɓa buɗe akwatin lasifika muka tarar zanzaro ya yi gini, ɓera kuma ya yi ɗaki.

Game da abubuwan murɗawa na gaba, kada yawansu ya ruɗe ku. Wanda aka rubuta wa Gain yana daidaita ƙarfin abin da yake shigowa daga jita, Master kuwa shi ne ƙarar da take fita. Low, Mid da High sun isa. In jitarku mai batir ce a ciki, a nemi kai mai ramin da aka rubuta wa Active. Abu guda da ba za mu yarda a rasa ba shi ne rami mai ido uku da aka rubuta wa DI, wanda yake kai muryar bes kai tsaye zuwa miksa. Da shi ƙaramin kai zai yi aikin babban taro, gama manyan lasifikoki ne za su ɗauki nauyin jama'a, naka akwatin kuwa don kai da mai ganga ku ji juna ne kawai.

A nan bari mu faɗa wa 'yan'uwanmu masu bes gaskiya. Tsawon igiyar muryar E ya fi mita 8, kuma bango da kusurwa suna tara irin wannan murya. Saboda haka kai da kake tsaye a gindin akwati kana jin kamar ba ka fita, alhali iyayenmu na bencin baya ƙirjinsu yana duka, kwanon rufi da gilasan taga suna rawa. Maganin ba ƙarin Low ba ne. Ka rage shi, ka ɗan ɗaga Mid, ka janye akwatin daga kusurwa, za ka ji kanka sarai ba tare da ka danne mawaƙa ba. Jama'a sun zo su ji kalmomin waƙa ne. Wata dattijuwa ta taɓa ce mana ita ba ta san ana waƙar Hausa ba sai da aka ɗauke wuta.

RANAR SAYE

Ko a Sabon Garin Zariya ne, ko Kaduna, ko Kano, ko kasuwar Alaba ta Legas, kada mutum ɗaya ya tafi. A tafi da mai kaɗawa, da wanda ya san wuta, da ma'aji. A ɗauki jitar da za a riƙa amfani da ita da wayarta, a rubuta om da wat na akwatin da ake da shi a takarda. Gani ya kori ji: a jona, a kaɗa tsirkiyar E a bar ta ta yi ta amo, a saurara ko za ta ɓarɓare. A murɗa kowane abin murɗawa a ji ko yana ƙarƙara. A cire hannu daga jita a saurari kan shi kaɗai, ɗan huci ba laifi, amma gurnani mai ƙarfi alamar ciwo ce. A bar shi a kunne ana kaɗawa kamar rabin sa'a, gama kai mai ciwo yakan yi lafiya a minti biyar na farko. A taɓa, a sunsuna, a ga fanka tana juyawa. In na gwanjo ne a dubi kusoshin jikinsa, in sun sha sukuddireba a tambayi abin da aka gyara. A gwada ramin DI a cikin shagon. A duba lambar kamfani a bayansa, domin manna sunan babban kamfani a jikin kayan banza ba wuya ba ne. A karɓi rasit mai ɗauke da wannan lamba, a kuma rubuta kwana nawa aka yarda a dawo da shi in ya ba da matsala. Mai shagon da ya ƙi a gwada, a yi masa sallama.

Abin da muka kai wa kwamiti ke nan: kai mai tiransisto na wat 300 zuwa 350 RMS a om 4, na bolt 230, mai ramin DI da fanka, tare da sitabilaiza da wayar lasifika ta gaske. Mun bar sabon yayin ba don ya kasa ba, sai don muna son abin da za a iya gyarawa a nan Zariya. Waɗansu cikinmu ba su ji daɗin wannan ba, musamman 'yan aji ɗaya da aji biyu, waɗanda su ne masu ɗaukar kaya. Tsohon akwatinmu mai om 4 ya tsira daga gobarar, shi za a ci gaba da amfani da shi, shi kaɗai. Mun toshe rami na biyu na bayan sabon kan da salatif, mun kuma manna takarda a kai da Hausa da Turanci cewa kada a jona wani akwati. Makullin kabad yana hannun malamin kiɗa, wanda kuma yake son aro sai ya zo da takardar shugaban makaranta.